Daga takardar bincike zuwa bakin yaro: tambayoyi da amsoshi kan karrama masu kai ilimin lafiya ga jama'a

Ni malamin asibiti ne, na haura shekara 20 ina aiki a ƙananan asibitocin da ke kewayen Garwa. Tun da na fara kawo shawarar cewa unguwanni da ƙauyukanmu su ware rana guda a shekara don karrama mutanen da ke ɗaukar abin da masana suka gano su mai da shi aiki, tambayoyi ba su yanke mini ba. Wasu a ƙofar masallaci bayan la'asar, wasu a bencin masu jiran awo, wasu ta waya daga Marwa da Kusseri da Njamena. Na tattara waɗanda suka fi yawan dawowa, ga su nan da amsoshina.

Wane aiki ne wannan da kake ta cewa a karrama masu yin sa?

Bincike a takarda yake ƙarewa. Masana su gwada magani a kan dubban yara, su ƙirga, su rubuta cewa yana aiki, a buga a wata mujalla da Turanci ko Faransanci. Tsakanin wannan rana da ranar da maganin zai shiga bakin yaro a Pitowa ko Gidar akwai doguwar tafiya. Sai gwamnati ta amince, sai an samo kuɗi, sai kaya sun iso kafin damina ta yanke hanya, sai an koya wa ma'aikata, sai maigida ya yarda a shiga gidansa. Wani lissafi da aka buga a Amurka a shekarar 2000 ya nuna cewa sakamakon bincike kan kai shekara 17 kafin ya zama abin da likitoci ke yi yau da gobe. A Amurka ke nan, inda kwalta ta kai ko'ina.

Masu gajarta wannan tafiyar nake nufi. Akwai mai digiri a cikinsu, akwai kuma wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko.

To wa ya fi cancanta, wanda ya gano maganin ko wanda ya raba shi?

Wannan tambaya na fi samu, kuma a kanta na fi daɗewa ina tunani. Bari in amsa da maganin damina, tunda babu gidan da bai san shi ba.

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda ma'aikata ke kira CPS, ya fito ne daga gwaje-gwajen da aka yi a Senegal da Mali da Burkina Faso da wasu ƙasashen yammacin Afirka. Sun nuna cewa in aka ba yaro maganin kowane wata a lokacin ruwa, zazzaɓin kan ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara a 2012. A wannan shekarar aka fara a Moisala, kudancin Cadi, mu kuwa a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa sai 2016 ya iso.

Ga abin da ba kowa ke lura da shi ba. Maganin na kwana uku ne. Ranar farko mai rabon maganin ce ke narka ƙwayoyi biyu a ɗan ruwa, ta ba yaron da hannunta, ta jira ta ga ko zai yi amai, ta cika kati, ta yi alama da alli a ƙofar gida, ta wuce. Ƙwayar gobe da ta jibi a hannun uwa ake barin su. Idan uwar ta manta, ko ta adana su don ranar da yaron zai kwanta, ko yaron ya tofar ta ce a ƙyale shi, kariyar ba ta cika ba. Alli na nan a ƙofa, rajista ta ce an yi, amma abin da masanan suka auna bai samu ba a wannan gidan.

Wata shekara na bi wata mai rabo zagaye a wani ƙauye da ke bakin Binuwai. Muka shiga gidan da wata tsohuwa ke riƙe da jikoki uku, iyayen suna gona. Da ta gama ba su na ranar, sai ta durƙusa gaban tsohuwar ta kama haɓar zanenta ta yi ƙulli biyu.

"Inna, gobe in kin ba su ki kwance ɗaya. Jibi ki kwance ɗayan. In na dawo na tarar da ƙulli, ni da ke ne."

Tsohuwar ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, kin mai da ni ɗalibarki. To Allah ya kai mu."

Babu takardar horon da ta koya mata ƙullin nan, kuma babu wanda ke biyan ta kuɗin komawa rana ta uku. Ta koma. Ina gaya muku da zuciya ɗaya, masanin da ya yi gwajin a Senegal ya cancanci yabo, kuma yana samu. Matar nan ita ma ta cancanta, amma ban taɓa jin an kira sunanta a bainar jama'a ba. Don haka in aka tambaye ni inda za mu sa ƙarfinmu mu mutanen unguwa, nakan ce a wajenta, domin nan ne giɓin yake.

Akwai wani babban misali da ya faru a nan yankinmu, wanda aka auna aka tabbatar?

Akwai, sanƙarau. Duk wanda ya kai shekara 40 a Marwa ko Kusseri ya san fargabar da ke zuwa da bazara, lokacin da iska ta bushe, ƙura ta tashi, aka fara jin wane wuyansa ya sanƙare. Annobar 1996 ta kama kimanin mutum 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. Bayanta ne, a 2001, aka kafa shirin samar da sabuwar allura. Abin da ya burge ni a tarihin shirin shi ne sun fara da tambayar jami'an lafiya na Afirka nawa za su iya biya. Aka ce musu kada allura ɗaya ta wuce rabin dalar Amurka. A kan wannan farashin aka gina komai, wani kamfanin Indiya ya ɗauki nauyin haɗawa, aka sa mata suna MenAfriVac, aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010.

A watan Disambar 2011 aka yi wa mutum kimanin miliyan 1.8 'yan shekara 1 zuwa 29 allurar a Njamena da jihohin Shari-Bagirmi da Mayo-Kebbi ta Gabas, cikin kwana 10. Da bazarar 2012 ta zo, annoba na ci a sauran sassan Cadi. Inda ba a yi allurar ba an samu kusan mutum 44 cikin kowane 100,000 da suka kamu, inda aka yi kuwa ba su kai 3 ba. Bambancin kashi 94 cikin 100 ke nan. Wani likitan Cadi, Doumagoum Moto Daugla, shi ne sunan farko a takardar da ta bayyana wa duniya wannan sakamako.

Ku lura, an yi aikin, an kuma tsaya an ƙirga abin da ya biyo baya. Sai dai allurar nau'i ɗaya take karewa, wanda ake kira A, kuma akwai wasu nau'o'in. Wuya in ya sanƙare da zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar.

Ashe duniya na da lambobin yabo na irin wannan aiki?

Tana da su. Wadda na fi so ita ce lambar Hideyo Noguchi da gwamnatin Japan ke bayarwa don Afirka, saboda kashi biyu aka raba ta, kuma kuɗinsu ɗaya, yen miliyan 100 kowanne: kashi ɗaya na mai bincike, ɗaya na mai hidimar jama'a. A karon farko, 2008, Brian Greenwood ya karɓi na bincike. Baturen Ingila ne da ya yi kusan shekara 10 a Zariya yana fama da sanƙarau, daga baya kuma da hannunsa a binciken gidan sauro mai magani da maganin damina. Miriam Were ta Kenya ta karɓi na hidima saboda aikin lafiya a ƙauyuka. A 2022 kashin hidima bai je ga mutum ɗaya ba, shirin kawar da kurkunu aka ba gaba ɗayansa.

Uche Amazigo 'yar Najeriya ta samu lambar Yarima Mahidol ta Tailan a 2012. Maganin makantar bakin kogi, wadda ɗan baƙin ƙudan nan ke jawowa, kyauta ake ba da shi tun 1987, kuma mutanen kwarin Vina wajen Tuboro na cikin waɗanda aka fara rabawa. Abin da Amazigo ta tsaya a kai shi ne ƙauye ya zaɓi ɗansa ya riƙa rabon da kansa, da sandar auna tsawo da littafinsa, maimakon jiran mota daga birni. Waɗanda suka gano maganin, Campbell da Omura, sun samu Nobel a 2015.

Mu ma a Kamaru muna da Farfesa Rose Leke, masaniyar zazzaɓin cizon sauro, wadda ta shugabanci kwamitin da ya tabbatar a ranar 25 ga Agustan 2020 cewa ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a yankin Afirka. An ba ta lambar Virchow a Jamus a 2023.

Ɗan Garwa ko ɗan Abeshe zai iya samun irin waɗannan?

Hanya a buɗe take amma tana da tsawo. Lambobin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa a babban taronta na watan Mayu a Janeba, irin su ta Sasakawa da ta Nelson Mandela, ma'aikatun lafiya na ƙasashe na cikin masu miƙa sunaye. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne rashin rubutu. An yi aiki shekara da shekaru, babu littafin da ya nuna yadda ake kafin a fara da yadda aka koma. Ka riƙe rajistarka da kyau tun daga yau, ko da ba ka neman lambar kowa.

Ta yaya kwamitin unguwa zai gane wanda ya yi fice? Kada a ba ɗan gidan mai unguwa kawai.

Tsoron na kan hanya. Kuma akwai wanda ya fi shi: a ce wanda lambobinsa suka fi yawa shi ya ci.

Na sha ganin rahoton rabo da ke cewa an kai ga yara fiye da kashi 100 cikin 100. Wani lokacin ƙidayar ce ta tsufa, ko baƙi sun shigo, musamman a wuraren da rikici ya koro mutane. Wani lokacin kuma an zauna ne a ƙarƙashin darbejiya an cika takarda. Ranar da aka ce lamba ce ke kawo kyauta, ranar aka koya wa mai gaskiya ƙarya. Don haka kwamiti ya rufe rajista tukuna, ya shiga gidaje goma ko ashirin da aka zaɓa ta ƙuri'a. A tambayi uwa ta nuna kati da fankon maganin. A tambaye ta kwana nawa ake bayarwa, me za ta yi in yaro ya yi amai. Amsar uwa ce jarrabawar mai rabo.

Sai a duba ko abin da mutumin ke yaɗawa abu ne da aka gwada aka tabbatar. Ƙwazo kaɗai bai isa ba. Mai yi wa kowane zazzaɓi allura ba tare da gwajin jini ba shi ma yana da ƙwazo, kuma jama'a na son sa. A duba kuma su wa ya kai gare su. Mai rabo a Rumde Ajiya, inda gida ke jikin gida, da mai tsallaka fadama da keke a kafaɗa don gidaje bakwai, ba a auna su da mudu ɗaya. Na ƙarshe, in ya yi tafiya wata guda aikin na ci gaba? Wanda ya koya wa mutum biyu ya fi wanda komai ke tsayawa in ba ya nan.

A kwamitin a sa mata aƙalla rabi, a sa limami ko fasto, a sa wakilin makiyaya. Wanda ɗan'uwansa ke cikin 'yan takara ya fita waje lokacin yanke hukunci.

Malam, wannan ba riya ba ce? Mai yi don Allah me zai yi da yabo?

Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take. Godiya kuwa a wuyanmu take mu da aka yi wa, kuma hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Sannan yara na kallo. Abin da suka ga ana tafa wa, shi za su so su zama.

Me ya kamata a ba su? Takardar shaida ta isa?

A nan zan faɗi abin da ke ci mini rai. Akwai shekarar da masu rabonmu suka gama zagaye huɗu, daga Yuli zuwa Oktoba, cikin ruwa da taɓo, amma ɗan kuɗin da aka yi musu alkawari bai fito ba sai bayan watanni. Cikin watannin nan aka yi taro a wani otal, aka ci aka sha, aka miƙa wa manya takardun yabo a firam saboda nasarar wannan rabon. Ina zaune a kujerar baya, a aljihuna akwai takardar sunayen mutanen da ba a biya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Da na koma, ɗaya daga cikinsu, dattijo ne da ya girme ni, ya ce, "Likita, mun ji a rediyo an gode mana." Ban iya haɗa ido da shi ba.

Saboda haka matakin farko na karramawa shi ne a biya mutum haƙƙinsa a kan lokaci. Bayan wannan a ba shi abin da aikin ke ci masa: takalmin ruwa, rigar ruwa, tayar keke, fitila mai caji da rana, kuɗin makarantar ɗansa na shekara. A kira sunansa gaban lamido ko jauro ko bulama, a faɗi takamaimai abin da ya yi, a maimaita a rediyo da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa. Takarda ma a bayar, tana da amfani ranar neman aiki.

Mu makiyaya fa? Kullum sai an gama da gari ake tuna mu, in an tuna.

Gaskiyarku. Amma ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi kyau a wannan fanni a rugagen Cadi aka yi shi. Wajen ƙarshen shekarun 1990 masu bincike na Cadi da na Suwizalan suka bi makiyayan Shari-Bagirmi da Kanem. Cikin yaran da suka duba ba su samu ko ɗaya da ya kammala alluran rigakafinsa ba, alhali yawancin shanun an yi musu nasu, domin likitan dabbobi na zuwa ruga, malamin asibiti kuwa yana zaune yana jira. Daga 2000 aka haɗa su a mota ɗaya da akwatin sanyin allura ɗaya. Ana yi wa shanu a gefe, mata da yara a gefe. Kuɗin tafiya ya ragu, uwaye suka fito. Arɗon da ya tara mutanensa a ranar, shi ma ɗan takara ne a wurina.

Wanda ya kawo labari marar daɗi, shi ma a yaba masa?

Shi ma, har ma da ƙari. A 1986 ana ƙiyasin mutum miliyan 3.5 ke fama da kurkunu a duniya. A 2023 saura 14, kuma 9 daga ciki a Cadi suke. Cutar ba ta da magani ba ta da allura. Da ƙyallen tace ruwa da sa ido aka kai nan. Cadi ta yi shekara kusan 10 ba a ba da rahoton kowa ba, sai a 2010 aka sake ganin ta. A 2012 aka gano tana fita a ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na bakin Shari. Wannan labari ne ya canja aikin: aka koma ɗaure kare har tsutsar ta gama fita, ana binne kayan cikin kifi maimakon watsa wa karnuka, ana ba wanda ya kawo rahoto ladan kuɗi. Kamaru ta samu shaidar rabuwa da kurkunu tun 2007, amma an sake ganin ta a karnukan yankin Gere, bakin Logon.

Da waɗanda suka fara gani sun yi shiru don kada a ɓata sunan gundumarsu, da har yanzu ana neman cutar a inda ba ta. Ma'aikacin da ya rubuta cewa maganinsa ya ƙare, ko firjin allura ya mutu kwana uku, kada a hukunta shi da hana masa yabo.

Uwa da ba ma'aikaciya ba, tana iya shiga?

Sosai. Kun san ɗan ma'aunin nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro. Ja na nufin ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani. Da can ma'aikata kaɗai ke riƙe shi. A Mirya, kusa da Damagaram, ƙungiyar likitocin agaji ta ALIMA da abokan aikinta na Nijar suka gwada koya wa uwaye, aka ga awonsu bai gaza na ma'aikata ba, kuma yara na isowa asibiti da wuri kafin jiki ya lalace. Yanzu a Njamena ma ana koya wa uwaye. Matar da ta rataye ma'aunin a ƙusar ɗakinta, take auna nata da na maƙwabta duk sati, ta cika dukkan sharuɗɗan da na lissafa a sama.

Yaushe za a yi, kuma wa zai fara?

Nuwamba ta fi dacewa a ganina. Zagayen damina ya ƙare, hatsi ya shigo gida, hanyoyi sun bushe, abin da kowa ya yi bai fita daga ran mutane ba. Ba sai an jira takarda daga Yawunde ko Njamena ba. Tabarmi, inuwa, mai unguwa da lasifika sun wadatar.

Kada dai a jinkirta. Dilip Mahalanabis, likitan Indiya, shi ne a 1971, a sansanin 'yan gudun hijira da kwalara ta mamaye, da ruwan ƙari ya ƙare, ya sa dangin marasa lafiya suna ba su ruwan gishiri da sukari da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da 4 cikin 100. Ƙullin gishiri da sukari da muke kaɗawa a lita guda na ruwa duk lokacin da amai da gudawa suka ɓarke a Mokolo ko Makari, jikan wannan aikin ne. Ya rasu a Oktoban 2022, Padma Vibhushan kuwa, ɗaya daga cikin manyan lambobin ƙasarsa, sai a Janairun 2023 aka sanar da ita.

A littafina akwai sunaye uku da zan miƙa wa kwamitin unguwarmu bana. Mai ƙullin zane na ciki. Akwai kuma wata ungozoma da ta daina karɓar haihuwa a ɗaki, ta koma raka masu naƙuda asibiti ko da tsakar dare ne, da tocila a hannu. Idonta ya fara rauni, ba ta fita sosai yanzu. Na riga na yi magana da ɗanta zai kawo ta a babur, kuma ita za a fara kira.